Baƙin man mota a cikin babur: abin da ya tsayar da Yayanmu a hawan rafi

Akwai wani hawa da ake yi bayan an tsallake rafi a hanyar gonakinmu. Ba wani dogon hawa ba ne, yaro mai keke ma yana haye shi idan ya ɗauko gudu daga nesa. A nan babur ɗin Yayanmu ya tsaya masa wata ranar kaka, ana dab da magariba, da buhu biyu na masara ɗaure a baya. Injin bai mutu ba. Hasali ma kukansa ya fi na kullum ƙarfi. Yaya yana murɗa totur, injin yana ihu kamar zai tashi sama, amma tayar baya ta ƙi ɗaukar ƙarfin. Sai babur ɗin ya fara komawa da baya a hankali, ga wani ƙauri yana tashi daga gefen ƙafarsa ta dama.

Wanda ya san yankinmu ya san abin da tsayuwa a daji a irin wannan lokaci take nufi. Yaya ya kwance buhunan, ya ja su cikin ciyawa ya rufe, ya tura babur da hannu har gida. Ya iso bayan sallar isha'i. Innarmu tana zaune a bakin zaure tun da aka kira magariba, ko tuwo ba ta taɓa ba.

Mu 'yan Saminaka ne, amma ba Saminakar Lere da kowa ya sani da kasuwar masara ba. Tamu tana ƙasar Birnin Gwari, a yammacin Jihar Kaduna. Mun gaji da yin wannan bayani a makaranta, duk wanda muka gaya wa sunan garinmu sai ya nufi gabas da mu. Wannan babur da muke magana a kai, ƙirar Boxer, shi ne yake biyan kuɗin rajistarmu a jami'a. Da shi Yaya yake acaba ranar kasuwa, da shi yake kwaso amfanin gona, da shi aka kai matarsa asibiti ranar da naƙuda ta zo da gardama. Don haka idan mun zafafa a kan maganar lita ɗaya ta baƙin mai, mai karatu ya yi mana uzuri.

A birni babur abin hawa ne kawai, idan ya lalace ka tari Keke Napep. A ƙauyukan Birnin Gwari kuwa, daga wajen Kuyello da Dogon Dawa har Randagi da Kakangi, akwai hanyoyin da idan damina ta zauna mota ba ta ko gwada su. Manomi, malamin makaranta, mai haƙar zinariya, ma'aikacin lafiya, kowa a kan babur yake. Mun ga iyakar wannan dogaro a ƙarshen watan Satumba na 2021, lokacin da gwamnatin jiha ta hana hawa babur, da farko na wata uku, ta kuma sa aka katse layukan waya a wasu yankuna, bayan ta dakatar da kasuwannin mako-mako ta hana sayar da fetur a jarka a ƙananan hukumomi irin tamu, duk don a toshe wa 'yan bindiga hanya. Muna sakandare a lokacin, kuma ba mu manta yadda gari ya yi tsit ba. Da aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari a ƙarshen Nuwamba na 2024, bayan shekaru tana rufe, zirga-zirga ta dawo, babura suka koma ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsu. Sai dai har yanzu babu mai son duhu ya riske shi a hanya.

To me ya sami babur ɗin Yaya? Alheri ne ya jawo. Wani ɗan'uwanmu da ke aiki a Kaduna ya zo gida da motarsa, ya yi mata juye, sai mai ya ragu a galan, fiye da lita ɗaya. Mai ne mai tsada, irin wanda ake shigowa da shi daga waje, ruwansa garai-garai kamar zuma. Ya miƙa wa Yaya kyauta. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 kuma darajar naira ta faɗi, kuɗin baƙin mai ya bi sahun komai, don haka babu ɗan acaban da zai mayar da irin wannan kyauta. Lissafin Yaya mai sauƙi ne: man da ya isa ya riƙe injin motar miliyoyi, ai ɗan injin babur ba zai gagare shi ba. Ya juye tsohon, ya zuba sabon. Kwana biyun farko har yabon man yake yi, wai injin ya yi laushi, giya tana shiga kamar an shafa mata man shanu. A cikin mako guda aka yi abin da aka yi a hawan rafi.

Washegari ya kai wa wani bakanike. Bakaniken ya ji bayani, ya ce filet ɗin kuloci ne suka cinye, kuma ba ƙarya ya yi ba, don da ya buɗe an same su sun yi baƙi suna sheƙi. Aka sayo sababbi. Amma kafin ya buɗe murfin, ya tsiyaye man a wani kwano, da ya ga sabo ne fes, sai ya jiƙa sababbin filet ɗin a cikinsa kamar yadda ake yi, ya ɗaura, sannan ya mayar da man cikin injin. Wa zai zubar da mai mai tsada da bai yi kwana goma ba? Ba a rufe mako biyu ba, ciwon ya dawo. Daga nan aka shiga zarge-zarge. Yaya ya ce an sa masa jabun kaya, bakanike ya ce lodi ne ya yi yawa, wata gwaggonmu kuma ta ce a nemi addu'a, akwai hannu a ciki.

A cikin wannan hali muka dawo hutu. Ba za mu yi ƙarya mu ce mun iso da sani ba. Abin da ya taimake mu shi ne galan ɗin yana nan a bayan ɗaki, an yanke bakinsa ana ɗiban dusa da shi. A jikinsa an rubuta 5W-30. A baya akwai wani tambari mai kama da zobe, a ƙasansa an rubuta "Resource Conserving" da Turanci. Mun juya galan ɗin ta kowane gefe muna neman kalmar JASO, babu. Wannan ne ya tuna mana da wani abu da aka taɓa ambata a aji a gurguje, muka koma muka bi diddiginsa.

Abin da ke bayan murfin dama

Duk ɗalibin da ya yi darasin gogayya a fiziks na aji ɗaya a babbar sakandare yana da abin da zai fahimci wannan magana da shi. A yawancin ƙananan baburan da muke hawa, idan aka cire murfin da ke gefen dama na injin, za a ga wani kwando na ƙarfe, a cikinsa an jera faya-fayai kamar an ɗora waina kan waina. Kashi biyu ne, an saka su ɗaya bayan ɗaya. Kashi na farko suna da wani abu mai ɗan kaushi manne a fuskarsu, su ne makanikai ke kira filet, yawanci huɗu ne ko biyar, kuma injin ne yake juya su. Kashi na biyu ƙarfe ne zalla, suna haɗe da sandar da ke shiga giya. Akwai sifirin da ke matse su gaba ɗaya. Idan an matse, duk su juya tare, ƙarfin injin ya wuce zuwa giya, daga giya zuwa sarƙa, daga sarƙa zuwa taya. Idan ka kama hannun kuloci, waya ta ja, matsin ya saki, injin ya ci gaba da juyawa shi kaɗai.

Abin lura shi ne babu haƙori ko ƙusa da ke riƙe waɗannan faya-fayai da juna. Gogayya ce kaɗai. Ƙarfin da kuloci zai iya ɗauka ya dogara ne a kan abu huɗu: ƙarfin matsin sifirin, faɗin faya-fayan, yawan fuskokin da ke haɗuwa, da kuma yadda fuskokin suke kama juna, wato abin da malamin fiziks yake rubutawa da harafin Girka mai suna miyu. Ninka su ake yi da juna. Ma'ana, idan kamun ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu, ƙarfin kulocin gaba ɗaya ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu, ko da sifirin sabo ne dal. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, kai kaɗai, ba za ka ji komai ba, domin injin ba ya neman iyakar ƙarfin kulocin. Sai ranar da ka ɗora buhu biyu ka fuskanci tudu.

Ga inda abin yake ba mutane mamaki: duk wannan aiki a cikin baƙin mai ake yin sa. Kulocin babur a jiƙe yake, yana wanka da man da ke zagaya injin. Mutum zai ce ta yaya abin da ke buƙatar kamu zai zauna cikin abu mai santsi? Amsar ita ce man yana kwashe zafi ne yana kuma sa kamun ya zo a hankali, ba da fizga ba. Da zarar sifirin ya matse, man da ke tsakanin faya-fayan yana fita ta 'yan tsagogin da aka yi a fuskar filet, ya bar fuska da fuska su kama. An ƙera komai ne a kan wannan sharaɗi, cewa man zai yarda ya kauce idan an matse shi.

Mota ba haka take ba. A motar da ake sa wa giya da hannu, kulocin a bushe yake, a ɗakinsa daban, man injin ba ya zuwa wurinsa. Giya ma da nata man. Don haka wanda ke haɗa man mota ba ruwansa da kuloci, burinsa ya rage gogayya iyakar iyawarsa don a rage shan fetur. A babur kuwa, mai guda ne, kusan lita ɗaya tak, yake hidimar gida uku: injin, giya da kuloci. Injin yana son santsi, kuloci yana son kamu, haƙoran giya kuma suna tauna man suna tsinka sinadaran da ke riƙe masa kauri. Ga injin babu ruwan sanyaya shi, iska kawai yake jira, a ranar Birnin Gwari ta watan Afrilu.

Sinadaran rage gogayya da ake zubawa a man motocin zamani, waɗanda da yawansu daga ƙarfen molibdinom ake haɗa su, ba sa kaucewa idan an matse su. Aikinsu ke nan: su manne a fuskar ƙarfe su yi wani siririn rufi mai sulɓi. A jikin fistan wannan alheri ne. A fuskar filet kuwa, wadda take tsotse mai kamar soso, masifa ce. Kuloci ya fara zamewa kaɗan, zamewa ta haifar da zafi, zafi ya gasa fuskar filet ta yi sumul kamar tangaran, sumul ɗin ya ƙara zamewa. Wannan baƙin sheƙi da bakanike ya gani, ƙarshen labarin ya gani, bai ga farkonsa ba.

Ba a kanmu aka fara ba. A shekarun 1990, lokacin da kamfanonin mai suka duƙufa wajen yin man mota mai tsimin fetur, manyan masu ƙera babura na Japan, wato Honda da Yamaha da Suzuki da Kawasaki, sun ga cewa ma'aunin man mota ya daina dacewa da injinansu. A 1998 hukumar ƙa'idojin ababen hawa ta Japan ta fitar da ma'auni na musamman don man babur mai bugu huɗu, mai suna JASO T903. Ana gwada man ne a wata na'ura mai faya-fayan kuloci, a auna yadda yake kamu a tsaye, yadda yake kamu ana juyawa, da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya tsayar da juyin. Wanda ya nuna isasshen kamu a ba shi MA. Wanda ya fi santsi a ba shi MB, shi kuma na irin baburan nan ne marasa giya da ke tafiya da bel, waɗanda kulocinsu ba ya cikin mai. A 2006 aka raba MA gida biyu, MA1 da MA2, na biyun shi ne mafi kamu.

Wannan shi ne abin da ya kamata ido ya fara nema a jikin robar mai, kafin launi, kafin hoton babur mai gudu da aka manna. JASO MA, ko MA2. Wanda aka yi wa rajista a Japan yana zuwa da alamar a cikin ɗan akwati mai kusurwa huɗu da lambar rajista a samansa. Rubutun 4T yana nufin na injin mai bugu huɗu ne, 2T kuwa shi ne wanda ake gaurayawa da fetur, irin na ƙaramin janareto, kada a kuskura a haɗa su. Su kuma lambobin nan, 20W-50 ko 10W-30, maganar kauri kawai suke yi: ta farko tana nuna yadda man ke gudana da sanyi, ta biyu kaurinsa idan ya yi zafin digiri 100. Ba su ce komai game da kuloci ba. Wanne kauri ya dace da babur ɗinka, wannan yana cikin ɗan littafin da ke zuwa da sabon babur, littafin da mu dai ba mu taɓa ganin wanda ya ajiye nasa ba. Na Yaya, yara ne suka yi jirgin takarda da shi.

Masu roba-roba kada su ce ba da su ake ba don babu hannun kuloci a nasu. Kulocin yana nan a ciki, yana aiki da kansa ne, kuma shi ma a cikin man yake.

Kada a ɗora wa mai laifin kowa

A nan dole mu ja birki, domin tun da muka fara wannan bayani a majalisar ƙofar gida, duk wanda babur ɗinsa ya yi tari sai ya ce mai ne. Ba haka ba ne. Man mota mai kauri, irin 20W-50 ko SAE 40 da aka saba gani a shagunanmu, yawanci ba ya ɗauke da waccan alama ta tsimin fetur, kuma mutane da yawa sun yi shekaru suna zuba shi ba su ga zamewa ba. Ba shi ne mafi dacewa ba, don ba a gwada shi a kan kuloci ba, amma haɗarin ya fi yawa a siraran mai na motocin zamani, irin su 0W-20 da 5W-30. Abin dariyar shi ne su ne suka fi tsada. Da ɗan'uwan namu tsohuwar akori-kura yake ja, da wataƙila ba a yi wannan labari ba.

A ganinmu, abin da ya fi kashe kuloci a yankinmu ba ya cikin roba, yana hannun hagu na mai tuƙi. Wayar kuloci tana buƙatar ɗan sako-sako, yadda idan ka taɓa hannun zai ɗan motsa kafin ka ji nauyi, kamar milimita 2 zuwa 3 a gindinsa. Matasa da yawa suna ɗaure ta tamau, wai ta fi daɗin kamu. Idan ta ɗaure haka, kamar kana riƙe da kulocin ne kaɗan duk tsawon tafiya, faya-fayan ba sa samun cikakken matsi. Wannan gyaran minti biyu ne, ko sifana ba ya buƙata sosai, kuma shi ya kamata a fara dubawa kafin a sayi komai. Sai ɗabi'ar rabin kuloci a cikin yashi da taɓo, inda mutum zai bar babur a giya ta biyu ko ta uku yana murza totur yana sassauta hannu, maimakon ya dawo ta ɗaya. Sai lodi. Injin da bai wuce sisi 100 ba, a ɗora masa buhu uku da mai buhun a sama. Muna faɗin wannan muna sane da cewa ba don sha'awa ake yi ba, kuɗin fetur ne ba ya barin a yi sawu biyu. Amma sifirin bai san da wannan uzuri ba, idan ya sha zafi sau da yawa yana yin laushi, kuma bakanike ba kasafai yake auna tsawonsa ba idan ya canza filet.

Akwai kuma masu cewa mai na roba-roba, wato wanda aka haɗa a masana'anta ba tataccen ɗanyen mai kai tsaye ba, shi ne ke sa zamewa. Wannan ba daidai ba ne. Akwai irinsa da yawa masu JASO MA2. Sinadarin da aka ƙara ne matsalar, ba asalin man ba. Don haka ne ma waɗannan ƙananan gwangwanaye na "maganin injin" da ake ƙarawa a kan mai suka fi ba mu tsoro, domin wasunsu sinadarin santsi ne tsagwaronsa.

Kauri fiye da kima shi ma da nasa ciwon, sai dai kishiyar wancan ne. Da sanyin asuba a watan Janairu, mai mai kauri yana manne faya-fayan, ka kama kuloci amma bai saki duka ba, ka sa giya ta ɗaya ka ji ƙarar "ƙwas" babur ya yi tsalle, firi kuma ta yi wuyar samu. Wannan ba zamewa ba ce, ja ne, kuma yawanci yana wucewa idan injin ya ɗumama.

Babban abin da ba mu da maganinsa shi ne man awo. A bakin kasuwa za ka ga durom ko jarka, ana auna wa mutane a robar ruwa. Babu suna, babu lamba, babu abin karantawa. Wani tsagwaron mai ne da ba a zuba masa sinadarin komai ba, wani kwandem ne aka tace. Wani lokaci kuma robar ta kamfani ce ta gaske, abin da ke ciki ne ba nata ba, shi ya sa yara ke bi gareji-gareji suna sayen robobin da aka juye. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya takan kama irin waɗannan a manyan birane, amma tsakanin ofishinta da kasuwar ƙauyenmu akwai tafiya. Abin da ke hannun mai babur shi ne ya duba hatimin murfi, ya tsaya a juye a gabansa, sannan ya huda robar kafin ya yar. Mun san talauci ne ke kai mutum ga man awo. Sai dai wanda ya lissafa kuɗin filet, da ladan bakanike, da ranakun da babur ya yi a jingine, zai ga inda arhar ta tsaya.

Wanda yake zargin nasa ya fara zamewa, ga gwajin da ba ya cin ko sisi. A samu miƙaƙƙiyar hanya da babu jama'a, a sa giya ta ƙarshe ana tafiya a hankali, sai a murɗa totur sosai lokaci guda. Lafiyayyen kuloci zai sa kukan injin da gudun babur su tashi tare, sannu a hankali. Idan kuka ya yi sama gudu bai bi shi ba, to ana zamewa. A wasu baburan ma kik yakan fara sulɓewa ƙasa ba tare da ya juya injin ba. Idan an kama abin da wuri kuma mai ne sanadi, juye shi a zuba mai JASO MA, a yi 'yan kwanaki a sake juyewa, yakan wadatar. Idan filet sun riga sun ƙone, sai an canza.

Shawo kan Yaya ya fi karatun wuya. Mutumin da ya fara hawa babur tun muna rarrafe, ga ƙaninsa da ko faci bai iya ba yana karanta masa bayan galan. Da muka ce, Yaya, man nan ne fa, sai ya yi dariya ya ce wato boko ya koya mana cewa abu mai kyau shi ne marar kyau. Ba mu yi musu ba. Baffanmu ne ya raba gardamar, ya ce tunda an gwada filet an gwada addu'a, a gwada maganar yaron, in ta ƙi a san ba a bar komai ba.

Muka koma wurin bakaniken nan dai, don ba mu ga dalilin canza shi ba. Muka gaishe shi da Oga kamar yadda yaransa ke kiransa, muka nuna masa galan ɗin da robar sabon man gefe da gefe. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce shi ya san man mota yana sa wani babur ya yi sanyin ja, ya sha gani, amma bai taɓa sanin akwai rubutun da ke bambanta su ba. Shi kuma ya nuna mana abin da ba mu sani ba: ya ɗora faya-fayan ƙarfen a kan gilashi ɗaya bayan ɗaya, ya nuna mana guda biyu da suka yi shuɗi suka ɗan lanƙwashe saboda zafi, ya ce ko da wane mai za a zuba, waɗannan ba za su ƙara zama daidai ba. Ya jera sifirin a kan benci kusa da sabo, tsofaffin sun fi gajarta, ido ma yana gani. Da maganarmu kaɗai aka bi, da an zuba man kirki a kan lanƙwasassun ƙarafa, a dawo a ce boko ya yi ƙarya.

Aka sayi filet karo na biyu, da ƙarafa, da sifirin, da mai lita biyu, ɗaya na wanke ciki ɗaya na zama. Kuɗin daga cikin abin da aka tara na rajistarmu aka cira, sai da aka sayar da ɗaya daga buhunan nan biyu aka cike gurbin. An same su a inda Yaya ya ɓoye su, gara ta fara taɓa gindin ɗaya.

Ranar da za mu koma makaranta, Yaya ne ya ɗauke mu zuwa tasha, da jaka da ƙullin garin kunu da rabin buhun masara na wata gwaggo da za a sauke a hanya. Ba hanyarmu ba ce, amma sai ya karkata ta rafi. Da muka tsallake ruwan ya dawo giya ta ɗaya, ya saki hannun kuloci gaba ɗaya, babur ya haye yana gurnani ƙasa-ƙasa. Bai ce komai ba, mu ma ba mu ce ba. Ragowar man motar yana nan a kwalba a saman katanga, Inna tana ɗiga shi a marfin ƙofar zaure idan ya fara ƙara.